Daga Aji Zuwa Ofis, Daga Jos Zuwa Abuja: Wane Fanni Zan Ɗauka A MBA?

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Jos, shekarata 35, 'ya'yana uku. Digirina na koyar da ilimin sinadarai ne, kuma shekara tara ke nan ina koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Abuja, ni da yara za mu bi shi idan an yi hutun ƙarshen shekarar karatu. Gaskiya na gaji da aji, albashin ba ya kai mu ko'ina. Na tara kuɗi ta hanyar adashi, ina so in shiga karatun MBA, wato digiri na biyu a gudanar da kasuwanci, da zarar mun sauka, in sauya layin aiki gaba ɗaya. Yayan maigidana ya ce in ɗauki fannin kuɗi, wai can arziki yake. Ƙawata ta ce kula da ma'aikata ya fi dacewa da mace. Ni kuma harkar tallan kaya ce take burge ni. Ban san komai ba a kasuwanci, sai dai a makarantarmu ni nake sayo kayan ɗakin gwaje-gwaje duk shekara, kuma ni ke riƙe da makullin sito. Wane fanni zan ɗauka? Tsorona in ƙarar da kuɗin adashina sannan in sake tsintar kaina a gaban allo.

Malama daga Rikkos, Jos

Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya sanya albarka a wannan ƙaura, Ya raya zuri'a.

Abin da kika jefa a ƙarshen wasiƙarki kamar ba komai ba, wato sayo kayan ɗakin gwaje-gwaje da riƙe makullin sito, shi ne jarin da kike da shi. Fanninki yana nan: sayayya da sarrafa kaya, inda ake koyon yadda ma'aikata ke tantance 'yan kasuwa, ta sayo kaya, ta adana su, ta kai su inda ake bukata. Ra'ayinmu ke nan. Sai dai ba mu so ki biya ko sisi na MBA a watannin farko na zamanki a Abuja, kuma ga dalili.

Da digirin koyar da sinadarai, jami'o'i da dama a Najeriya ba za su ɗauke ki MBA kai tsaye ba. Wanda digirinsa na farko ba na harkar kasuwanci ba ne, ko mai HND, akan ce ya fara yin babbar difloma ta PGD a fannin gudanarwa, wadda kan ci zangon karatu biyu. Daga nan sai a duba makin da ya fito da shi. Wasu jami'o'in na neman 3.0 cikin 5.0, wasu 3.5, kafin su ba shi gurbin MBA. Shi kansa MBA ɗin, ga mai haɗa shi da aiki, ki lissafa shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, idan ba a samu yajin aiki ba. Kuma a zangunan farko kowa da kowa darussa iri ɗaya yake yi: lissafin kuɗi, tattalin arziki, ƙididdiga, dokar kasuwanci, gudanarwa, tallan kaya. Fannin da ya hana ki barci sai can wajen ƙarshe ake rarrabuwa a kansa, 'yan darussa ne da kundin bincike. Ke nan tsakaninki da ranar da dole sai kin yanke hukunci akwai kusan shekara biyu. Akwai jami'o'in da ke sa mutum ya rubuta fanninsa tun a fom, don haka ki tambayi ofishin karatun gaba da digiri abu biyu kafin ki cike: shin ana iya sauya fanni bayan shekarar farko, kuma shin sunan fannin yana fitowa a kan takardar shaida ko MBA kawai ake rubutawa.

Yanzu mu duba shawarwarin da aka ba ki, don masu ba da su da kyakkyawar niyya suka bayar.

Yayan maigidanki ya yi gaskiya cewa akwai kuɗi a fannin kuɗi, amma ƙofar shiga ba MBA ba ce. Mai neman akanta abin da yake fara tambaya shi ne takardar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, wato ICAN ko ANAN ko ACCA. Kwalejin horar da akantoci ta ANAN ma a Kwall take, can gefen Jos, kin ga ba baƙon abu ba ne a wajenku. Wanda ya zo da MBA a fannin kuɗi ba tare da ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma bai taɓa rufe littafin kuɗin wata ma'aikata a ƙarshen wata ba, sai ya ga ana fifita yaron da ya gama digiri bara yana rubuta jarrabawar ICAN. Bankuna kuwa idan za su ɗauki sababbin ma'aikata sukan sa iyakar shekaru, kuma iyakar ba ta kai 35 ba. Abin da ya fi saurin samuwa ga mai shekarunki a banki shi ne aikin nemo masu ajiya, a yanka miki adadin kuɗin da za ki kawo duk wata. A Jos kina da iyayen ɗalibai da dangi da 'yan unguwa da za ki tunkara. A Abuja wa kika sani? Idan har zuciyarki ta karkata ga kuɗi, ɓangaren da ya cancanci dubawa shi ne harkar kuɗi marar ruwa: bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya fara a 2019 duk hedikwatarsu na Abuja, kuma Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiya ta musamman kan wannan ilimi. Amma ko nan ɗin daga tushe za ki fara, shekarunki tara ba za su shiga lissafi ba.

Maganar ƙawarki cewa kula da ma'aikata ya fi dacewa da mace, ki ajiye ta gefe. Ba a zaɓar sana'ar da za a yi shekara ashirin a cikinta da irin wannan ma'auni. Fannin yana da kyau, sai dai kujerunsa kaɗan ne: ma'aikata mai mutum ɗari ba abin mamaki ba ne ka tarar mutum biyu ne kacal a wannan ofis, masu nema kuma ga su nan birjik, domin duk wanda ya rasa inda zai dosa nan yake nufa. Nan ma masu ɗaukar aiki takardar CIPM, ƙungiyar ƙwararrun kula da ma'aikata, suke tambaya. Lungu ɗaya ne a ciki da malami ke da fifiko, wato horar da ma'aikata da tsara musu kwasa-kwasai. Ki riƙe shi a matsayin zaɓi na biyu.

Tallan kaya kuwa garin da za ki koma ne bai ba shi fili ba. Manyan kamfanonin kayan masarufi a Legas suke zama su tsara tallansu. Abin da suke turowa Abuja galibi wakilan sayarwa ne masu yawo da mota daga wannan dila zuwa wancan.

Abuja gari ne na masu saye. Ma'aikatun tarayya da hukumominsu, ofisoshin jakadanci, hukumar ECOWAS, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙungiyoyin agaji masu ayyuka a jihohin Arewa, asibitoci, otal-otal, kamfanonin gine-gine, manyan makarantu masu ɗakin kwana: kowannensu kullum cikin sayayya yake, kuma kowannensu na bukatar mutumin da zai tsaya a tabbatar an sayi abin da ya dace, a farashin da ya dace, da takardun da za su wanke ma'aikatar ranar da masu binciken kuɗi suka zo. Tun da aka kafa dokar sayayyar gwamnati ta 2007, wadda ta haifar da hukumar BPP mai sa ido a kan sayayyar gwamnati, wannan aiki ya zama sana'a mai ƙa'idoji. Ɗan kwangilar da ke neman aikin gwamnatin tarayya sai ya gabatar da rajistar kamfani ta CAC, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da takardun hukumar fansho ta PenCom, da asusun horar da ma'aikata na ITF, da asusun inshorar ma'aikata na NSITF, da rajistarsa a kundin BPP. Dole a samu wanda zai duba waɗannan takardu ɗaya bayan ɗaya a ɓangaren gwamnati, dole kuma a samu wanda zai haɗa su a ɓangaren kamfani. Aiki biyu ke nan daga doka ɗaya.

Ki dubi abin da kike yi duk shekara kafin jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO. Kina ƙirga ɗalibai, ki lissafa kwalaben awo nawa za su isa, asid lita nawa, takardar gwajin tsami fakiti nawa. Kina tambayar farashi a shago fiye da ɗaya. Kaya na zuwa ki buɗe kwali ki ƙirga, ki ɗaga kwalba ki duba ranar lalacewa, wadda ta tsage ki ware ta a mayar. Kin san sinadarin da ba a ajiye shi kusa da wani, da wanda ba ya son zafi. Kin san wanda ya kusa lalacewa shi ake fara fitarwa ko da shi ne ya zo daga baya. Malama, wannan shi ne aikin. Abin da ya rage miki sunayen takardun ne da dokokin da ke bayansu. Dokar 2007 ɗin nan ma, a ƙananan sayayya, farashi daga aƙalla 'yan kasuwa uku da ba su da alaƙa da juna take bukata, abin da ke kin daɗe kina yi da hankalinki. Ilimin sinadaranki kuma ƙari ne da yawancin masu MBA ba su da shi: asibiti, ko kamfanin da ke shigo da kayan gwaje-gwaje, ko ƙungiyar da ke raba magunguna da kayan tsaftace ruwa, sun fi son wanda ya san abin da ke cikin kwalin. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma kada ki ɗauki maganarmu kawai, ki gwada ta. Ki ware mako shida kina tara tallace-tallacen guraben aiki na Abuja daga LinkedIn da shafukan neman aiki da jaridu, har ki sami talatin, kusan goma-goma a sayayya da kula da ma'aikata da kuɗi. Ki buɗe Excel ki yi layuka: sunan muƙami, digirin da aka nema, takardar ƙungiyar ƙwararru, shekarun gogewa, manhajar kwamfutar da aka ambata. Sannan ki ƙirga: guda nawa ne suka ce dole sai da MBA, guda nawa suka ce yana da kyau idan akwai, guda nawa ne ke a yau za ki iya cika rabin sharuɗɗansu. Bayan haka ki nemi mutum biyar da ke yin aikin sayayya, ta hanyar maigidanki ko tsofaffin ɗalibanki da suka riga ki zuwa Abuja, ki yi wa kowannensu tambayoyi iri ɗaya: ta wace ƙofa ka shigo, wace takarda ce ta yi maka amfani, wacce ce ka yi asarar kuɗinta, kuma me ya fi ba ka wahala a makon da ya wuce. Idan amsar tambaya ta ƙarshe ta sa kika ji ba za ki iya ba, gara ki sani kafin adashinki ya tafi.

Game da tsarin lokaci, abu uku kike son sauyawa a tashi ɗaya: gari, da sana'a, da komawa karatu. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Waɗanda ke faɗuwa a wannan hanya yawanci ba fanni suka zaɓa ba daidai ba. Aiki suka ajiye, suka biya kuɗin zangon farko, haya ta cinye sauran, sai karatun ya tsaya a tsakiya, ba takarda ba kuɗi. Don haka ki shiga Abuja a matsayin malama. Makarantu masu zaman kansu suna ɗaukar malamai a watan Agusta kafin a koma a Satumba, kuma malamin sinadarai mai shekara tara da rajistar hukumar malamai ta TRCN ba ya daɗewa a kasuwa. Ki fifita makaranta babba, musamman mai ɗakin kwana, domin ita ke sayen abinci da litattafai da kayan ɗalibai da yawa. Tun a wajen ganawa ki ce kina son a haɗa miki da kula da sito ko kwamitin sayayya, kuma a rubuta shi a takardar kama aiki. Shekara ɗaya da wannan rubutu a hannunki ya fi miki darussa uku a aji. Wannan ba komawa gaban allo ba ne irin wanda kike tsoro. Riƙe reshe ne har hannunki ya kai ga wani reshen.

A cikin wannan shekarar ki yi PGD. Sannan ki duba ƙungiyar ƙwararrun sayayya ta Najeriya, CIPSMN, ki ga matakin da za a sa ki a jarrabawarta. Akwai kuma CIPS ta Ingila da ƙungiyoyin ƙasashen waje ke girmamawa, sai dai kuɗinta da fam ake lissafa shi, ki bari sai kin sami ma'aikatar da za ta taimaka. Haka nan akwai shirin SPESSE da Bankin Duniya ya tallafa, wanda ya kafa cibiyoyin koyar da sayayya a jami'o'i shida, ciki har da ABU Zariya da ATBU Bauchi da ta aikin gona da ke Makurɗi. Suna yin gajerun kwasa-kwasai da dogaye. Gajeren kwas irin wannan hanya ce mai arha ta ɗanɗana fannin. Kar ki raina Excel kuma. Ki iya haɗa teburin kwatanta farashin 'yan kasuwa uku, da lissafin kayan da suka shiga da waɗanda suka fita, har ki iya yi ana kallonki, domin a wasu wuraren kwamfuta ake turo wa mutum a ce ya gwada.

Wace jami'a? Amsar tana hannun gidan da za ku kama, don haka ku yanke maganar biyu tare. Idan Karu ko Mararaba ko Masaka kuka zauna, Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi tana kan titinku, ma'aikatan Abuja da yawa can suke karatun ƙarshen mako. Idan Lugbe ko Kuje ko Gwagwalada ne, jami'ar tarayya ta Abuja da ke hanyar filin jirgi, wajen Gwagwalada, ta fi kusa. Wanda ke Mararaba ya ɗauki karatu a Gwagwalada ya ɗauko wa kansa ratsa birnin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ga cunkoson Nyanya safe da yamma. A zango na biyu zai fara fashin aji. Idan kuwa yaran ƙanana ne kuma babu mai tsaya miki ranar Asabar, ki duba jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda hedikwatarta ke Jabi, ko karatun nesa na ABU da ake yi ta intanet, a je cibiya rubuta jarrabawa. Jami'o'i masu zaman kansu na Nile da Baze suna cikin gari, amma kuɗinsu ba na adashin malamar makaranta ba ne, sai in wani zai ɗauki nauyi. Ko wacce kika zaɓa, ki tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da wannan kwas ɗin a wannan jami'ar, kada ki tsaya ga sunan jami'a kawai. Ki nemi jerin darussan ki ƙirga nawa ne suka shafi sayayya da ajiya da jigila. Idan jami'ar ba ta da fannin da sunansa, babu damuwa: ki ɗauki MBA na gudanarwa, ki rubuta kundin bincikenki a kan sayayya a makarantu ko asibitoci, takardar ƙwararru ta cike sauran. Abu ɗaya za ki sani: MBA digirin aiki ne. Idan a ranki akwai koyarwa a jami'a wata rana, digiri na biyu na bincike, wato MSc, ake nema don wucewa digirin digirgir.

Sai kuɗi. A Abuja hayar shekara ake biya gaba ɗaya, wasu masu gida ma shekara biyu suke nema, sannan ga la'adar dillali da yawanci kashi 10 cikin ɗari ce, ga kuɗin lauya, ga kuɗin ajiya na ɓarna. Kuɗin makarantar yara uku zai fi na Jos, kuɗin mota ma haka, kuma ku da kuka saba da sanyin Jos za ku ga abin da zafin watan Maris ke yi wa kuɗin wuta. Ku zauna ke da maigida da biro da takarda kafin motar kaya ta tashi, a rubuta abin da ke kansa da abin da ke kanki, don kada kuɗin karatunki ya zama na cike giɓin haya ba tare da an taɓa yin maganar ba. Kuɗin adashin ki raba shi uku: na PGD da jarrabawar ƙwararru, na MBA da ba za a taɓa ba sai lokacinsa, da na ko-ta-kwana da zai riƙe ki wata shida in aikin ya yi jinkiri. Idan makarantarku tana zuba miki fansho, asusun naki ne, zai bi ki duk inda kika koma. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda ya yi wata huɗu babu aiki ya cire kashi 25 cikin ɗari, amma ki bar wannan ya zama matakin ƙarshe. Kuma duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki takardar ɗaukar aikin gwamnatin tarayya, ki rufe jakarki. Baƙi masu kuɗin adashi a hannu su ake fara farauta.

Akwai maganar da ba za mu ɓoye miki ba, domin mu muka nuna miki wannan hanya. Aikin sayayya wuri ne na jarraba. Ɗan kasuwa zai kawo miki ambulan ya ce na goro ne. Wani na sama da ke zai turo takarda ya ce ki sa hannu kaya sun iso, alhali ba ki gan su ba. Za a kawo miki farashi uku da sunayen kamfanoni uku, ki duba ki ga lambar waya ɗaya ce a ƙasan duka. Ranar da bincike ya zo, sa hannun da ke kan takarda ake bi. Ƙa'idar ita ce wadda kika riga kika sani daga sitonki: ba ki sa hannu a kan abin da ba ki ƙirga ba, umarnin baki kuma ki nemi a rubuto shi, ki ajiye kwafi. Masu riƙe wannan ba sa yin arzikin dare ɗaya, amma su ƙungiyoyi ke nema da suna idan an buɗe sabon aiki.

Kafin ki bar Jos, ga abin da ya fi gaggawa. Ki nemi tiranskirif ɗinki, wato takardar makin kowane darasi, tun kina kusa da jami'arku, domin bibiyarsa daga Abuja na nufin hawa da saukar Hawan Kibo a kan takarda ɗaya. Ki haɗa shaidar NYSC da sakamakon sakandare, ki tabbatar akwai kiredit a Turanci da lissafi. Ki jera takardunki ki duba suna: idan na WAEC da na digiri sunan mahaifinki ne, na NIN kuma sunan maigida, ki yi rantsuwar kotu da sanarwar jarida yanzu. Ki ba makarantarku sanarwar ajiye aiki yadda yarjejeniyarku ta ce, ku rabu lafiya. Sannan ki roƙi shugaban makarantar ya rubuta miki takardar shaida a kan takarda mai tambarin makaranta, wadda za ta faɗi ƙarara cewa ke ce mai sayo kayan ɗakin gwaje-gwaje da kula da sito, daga shekara kaza zuwa kaza. Ki zauna da littafin siton ki fitar da alƙaluman: kuɗin kayan da kike sayowa a shekara, 'yan kasuwa nawa kike hulɗa da su, ɗalibai nawa kayan ke yi wa hidima. Waɗannan alƙaluma su za su hau layin farko na CV ɗinki, koyarwa ta biyo baya. Ki yi wannan kafin ki miƙa makullin.